Rijiya Ta Ba Da Ruwa, Guga Ya Hana

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, kuma mun ga lokaci ya yi da za a baje ta a faifai kowa ya gani. Duk wanda yake zirga-zirga a ƙetaren kogi, daga Kakuri zuwa Barnawa, daga Narayi zuwa Sabon Tasha, ya san ɗakunan nan da samari ke taruwa a cikinsu da daddare, janareta na kuka a ƙofa, su kuwa sun zuba wa allon kwamfuta ido. Mafi yawansu ƙwallo suke bugawa, wannan kuwa ba da su muke ba a yau. Waɗanda muke nufi su ne 'yan tsirarun nan, yawancinsu ɗalibai irinmu, da suka rungumi wasannin almara, inda mutum ke zaɓar jarumi ya shiga duniyar takubba da tsafi da dodanni. Ba mu zo mu hana kowa wasa ba. Rigimarmu da su a kan abu ɗaya take, wato irin kwaskwarimar da suke zaɓa suna ɗora wa waɗannan wasanni, da abin da zaɓin nan yake tona mana game da hankalin mai zaɓen.

Domin wanda bai san dawan garin ba, bari mu yi masa bayani a taƙaice. Wasan da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na jihar Maryland a Amurka ya fitar ranar 11 ga Nuwamba, 2011. Ƙasa ce ta ƙanƙara da duwatsu, mutanenta farare dogaye, an ƙera su bisa siffar mutanen arewacin Turai na zamanin da, ga yaƙin basasa yana ci, ga kuma dodanni masu fukafukai suna aman wuta daga sama. A watan Fabrairun 2012 sai kamfanin ya saki kayan aikin da aka gina wasan da su, mai suna Creation Kit, kyauta ga duk wanda ya mallaki wasan. Da wannan kayan aiki mutum yana iya gina gari, ya ƙera takobi, ya rubuta labari sabo, ya sa wa mutane magana a baki. Abin da aka gina ta wannan hanya shi masu wasan ke kira mod, mu kuwa muka ga kwaskwarima ta fi dacewa da bakinmu. A dandalin Nexus Mods kawai akwai dubun-dubatar irinsu, an shimfiɗa su kamar kayan koli, sai wanda ka ga dama.

Mun san abin da dattawanmu za su ce, har da wasu malamanmu. Za su ce duk wannan shiririta ce, aikin wanda bai san ciwon kansa ba, kuma ɗalibin kirki ba ya ɓata dare yana farautar dodon ƙarya. Muna girmama furfura, amma a nan ba mu yarda ba. Wasan Counter-Strike, wanda yau ake gasarsa a duniya ana cin maƙudan kuɗi, a 1999 ya fara a matsayin kwaskwarimar wani wasa mai suna Half-Life, kuma waɗanda suka yi shi, Minh Le da Jess Cliffe, ɗaliban jami'a ne a lokacin. Wani lauya ɗan Ostireliya, Nick Pearce, ya shafe shekaru yana rubuta labarin wani birni da ke ƙarƙashin ƙasa a cikin Skyrim, ya sake shi a 2015 da sunan The Forgotten City, ƙungiyar marubutan ƙasarsu ta ba shi lambar yabo a 2016, daga baya a 2021 ya mai da shi wasa mai zaman kansa. Wasu matasan Jamus kuwa, a 2016, suka kwashe ƙasar Skyrim ɗungurungum suka zuba tasu mai suna Enderal, da tarihinta da mutanenta. Wanda ya kira wannan shiririta, to, bai duba da kyau ba. Makaranta ce ta zane da lissafi da rubutun labari, wadda ba ta neman takardar shiga.

To, amma ina amfanin makaranta ga wanda ya je ya zauna a bakin taga yana kallon tsuntsaye? A nan ne muke da ja da 'yan'uwanmu.

A duba abin da suke fara saukewa. Kusan ko da yaushe kwalliya ce: kwaskwarimar da za ta sa ciyawa ta yi kauri, ruwa ya yi ƙyalli, a riƙa ganin kowane gashi a gemun maƙeri. Waɗannan kaya an yi su ne domin manyan kwamfutoci masu katin hoto mai tsada, a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. Ɗan'uwanmu kuwa kwamfutarsa ta gwanjo ce, ta sha duniya kafin ta iso hannunsa, batirinta ba ya riƙe wuta tsawon sallar Magariba. Bugun farko na 2011 yana iya tashi da ƙwaƙwalwa mai gigabayit 2, amma sabon bugun 2016 ba ya karɓar ƙasa da 8, tun kafin a ɗora masa komai. Duk da haka sai ka ga yaro ya ƙona kuɗin abincinsa na mako a kan data, ya kwana yana jiran kaya su sauka, gari ya waye ya kunna, jarumin nasa ya riƙa tafiya kamar hawainiya, kafin a jima allo ya daskare. Sai ya zagi kwamfuta, ya zagi masu wuta, ya zagi kamfani. Wanda ya ɗora wa jaki kayan raƙumi, shi kaɗai ne ba a zaga ba.

Abin takaici shi ne ilimin da ake bukata a nan ba baƙo ba ne a wannan yanki. A Kakuri aka fara haɗa motar Peugeot a 1975, kuma duk bakaniken da ya taso a gindin 504 ya san ba a canza kayan mota goma a rana ɗaya, domin idan ta ƙi tashi ba za ka san wanne ne ya hana ta ba. Yakan sa ɗaya, ya tayar, ya saurari kukan inji, sannan ya sa na biyu. Haka kwaskwarima take. Wasan yana karanta su ne bi da bi, kuma idan biyu suka taɓa abu ɗaya, ta ƙarshe ita ke cin ta farko. Saboda haka jerin da aka ɗora su a kai shi ne rabin aikin, har ma akwai wata manhaja kyauta mai suna LOOT da ke taimakawa wajen shirya jerin. Akwai kuma waɗanda ke shuka umarni a cikin ajiyar wasanka, ta yadda idan ka cire su a tsakiyar tafiya, umarnin na nan yana neman uwarsa, har ya lalata maka aikin wata uku. Duk wannan a rubuce yake a shafin kowace kwaskwarima. Maƙerinta ya zauna ya bayyana abin da take bukata da abin da ba ta jituwa da shi. Amma ɗalibin da zai iya haddace littafin malami dare ɗaya saboda jarrabawa, shi ne ba ya iya karanta layi goma kafin ya danna. Mai hankali da gyara yake farawa: akwai babbar kwaskwarimar nan da masu sa kai suka yi don toshe ɗaruruwan kurakuran da kamfanin ya bari, akwai SkyUI da ke gyara tsarin jakar kaya. Ba su da nauyi, ba su da ƙyalli, shi ya sa ba a kula su.

Na biyunsu su ne masu son banza, waɗanda ke ɗora abin da zai ba su zinariya buhu-buhu da takobin da ke kashe dodo da sara ɗaya. Ba za mu ɓata tawada a kansu ba. Wanda ya saci amsa a wasan da babu mai sa ido, mun san abin da zai yi a zauren jarrabawa.

Akwai kuma waɗanda dole a ambace su ko da baki ba ya so. Kaso mai yawa na abin da ke yawo a filas daga ɗaki zuwa ɗaki, kwaskwarima ce da ba ta da wani aiki sai tuɓe matan cikin wasan. An ɗauki jaruma mai sulke, wadda aka rubuta mata tarihi da magana, an mai da ita 'yar tsana. Mai yin haka gobe zai zauna aji ɗaya da 'yan'uwanmu mata, ya nemi su ba shi aron littafi, wataƙila ma ya tsaya takarar shugabancin wannan ƙungiya ya nemi ƙuri'arsu. Muna tambayarsa: wane ido zai dube su da shi? Gara mana sau dubu mutumin nan da ya mai da dodannin Skyrim suka koma jirgin ƙasan yara mai fuska, yana shawagi a sama yana busa usur. Aƙalla shi ya ba duniya dariya, kuma mu da muka taso muna jin kukan jirgi a tashar Kaduna Junction mun fi kowa gane barkwancin.

Maganar filas ɗin nan ma abin dubawa ce. Saboda tsadar data, sai mutum ɗaya ya tattara kaya ɗari ya cusa a jaka guda, a riƙa kwafa hannu da hannu. An goge sunayen waɗanda suka yi aikin, an yar da bayanansu, ba wanda ya san wane bugu ne, kuma sau da yawa akwai ƙwayar cutar kwamfuta a ciki tana jiran ta shiga inda aka ajiye kundin digiri. Mutanen da suka yi waɗannan ayyuka ba su nemi ko kwabo ba, sunansu kawai suka nema a bari a jiki. Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce, ya tuna abin da ya faru a watan Afrilun 2015, lokacin da Bethesda da kamfanin Valve suka buɗe kasuwar sayar da kwaskwarima, suka ware wa maƙeri kashi 25 cikin 100, sauran suka raba tsakaninsu. Masu wasa a duniya suka yi ca, cikin kwana huɗu aka rufe kasuwar. Kamfanin ya sake dawowa da ita ta wata ƙofa a 2017, amma wannan tirjiya ta nuna cewa jama'ar nan sun ɗauki aikinsu da daraja. Mu kuwa a nan ana kwasar guminsu kamar ƙasar bakin hanya.

Duk waɗannan ƙananan laifuffuka ne idan aka gwada su da babban. Babban shi ne: a cikin dubun-dubatar kayan nan, ina namu? Mun bincika jakunkunan abokanmu, mun ga sulken jaruman Japan, mun ga takubban finafinan Amurka, mun ga gidajen sarakunan Jamus. Ba mu ga rawani ba, ba mu ga zaure ba, ba mu ji kalma ɗaya ta Hausa ko Gbagyi ko Bajju ba. Kamfanin ya fitar da wasan da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci da Rashanci da wasu harsuna, babu harshen Afirka ko ɗaya. Wannan ba abin mamaki ba ne, ɗan kasuwa inda kuɗi suke yake kallo. Amma matasan Turkiyya da na Brazil da aka manta da su ba su zauna suna kuka ba, zama suka yi suka fassara wa kansu. A cikin wasan akwai wata ƙabila ta baƙaƙen mutane, Redguard, 'yan hamada masu lanƙwasassun takubba, kuma kusan duk ɗan'uwanmu ita yake zaɓa, yana murna wai ya ga kansa. Haba! Wannan hoton da wani ya zana ne daga nesa, ya haɗa Balarabe da Bamaroko da ɗan fashin teku ya shafa musu baƙi. Zanen aro ne, kuma an san ba ya rufe katara.

Wanda yake son ya ga wannan ciwo da idonsa, ya bi hanyar Kachia ya je Kajuru. A can kan dutse akwai wata fada da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, da hasumiyoyi da kurkuku da sulken ƙarfe a jingine, irin na Turai ta zamanin da. Ba mu ga laifinsa ba. Mutum ya yi kewar tatsuniyar gidansu, ya kashe kuɗinsa ya dasa ta a ƙasar Adara. Abin da ke ba mu haushi shi ne samarinmu na tururuwa can su ɗauki hoto, alhali kufan Turunku, wanda ake dangantawa da gidan su Sarauniya Amina, yana nan tsakanin Kaduna da Zariya, ciyawa na cinye ganuwarsa. Baƙo ya ɗauko almararsa ya kafa a ƙasarmu da dutse da siminti. Mu an ba mu fili kyauta a cikin tasu almarar, mun kasa kafa ko bukka.

Kada wani ya ce mana ai ɗaukar kayan wani a gyara ba ɗabi'armu ba ce. Adabinmu na boko da haka ya fara. Abubakar Imam, da ya zauna a Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, wadda ta fito a littafi uku daga 1937 zuwa 1939, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya, daga tatsuniyoyin Jamus, daga Indiya inda aka samo dabarar aku mai ba da labari, ya tuɓe musu kayansu ya sa musu riga da hula, har yau yaro na karantawa bai taɓa zargin cewa baƙi ba ne. Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rashawa, Ilya Muromets, ya mai da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi. Waɗannan dattawa ba su da Creation Kit, alƙalami ne da fitilar ƙwai. Sun san abin da za su ɗauka, sun san abin da za su yar, kuma sun san wa suke yi wa aikin. Da Imam zai leƙo ɗakunanmu ya ga irin kayan aikin da ke hannun jikokinsa, da abin da suke yi da shi, ba mu san da wace kalma zai fara ba.

Kuma ba kaya muka rasa ba. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke a yaƙin Hausa. A tsaya a yi tunanin lifidi kaɗai a matsayin kayan wasa: rigar auduga mai kauri da ke rufe doki da mahayinsa, kibiya ba ta huda ta, amma tana da nauyin da idan barde ya faɗi ba ya iya tashi sai an ɗaga shi, kuma babban abokin gabarta wuta ce. A ƙasar da dodanni ke aman wuta, wane mai tsara wasa ne ba zai yi tsalle ba idan aka ba shi sulke mai irin wannan ƙarfi da irin wannan rauni? Ga rijiyar Kusugu a Daura da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, labari ne da ya zo da aikinsa a shirye, har da ladan wanda ya kashe. Ga Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya bar fagen yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar aljannu. Ga Gizo, wanda ya fi kowane ɓarawon Skyrim wayo. Ga kawunan yumɓun Nok, daga ƙasar Ham a kudancin wannan jiha, masu shekara fiye da 2000, da idanuwansu masu kusurwa uku. Waɗanda suka ƙera su ba su bar mana rubutu ba, wato sun bar wa mai hasashe fili ya yi sukuwa.

Akwai kuma abin da ɗan Kaduna ya sani wanda marubucin Maryland bai sani ba. Yaƙin basasar Skyrim a kan hana wata ibada ya tashi, gari ya rabu biyu, ɗan'uwa ya juya wa ɗan'uwa baya. Amma a cikin wasan yaƙin ba shi da wari. Ka kama sansani, ka kama wani, a yi jawabi, shi ke nan. Mu da aka haifa bayan Fabrairun 2000 da Nuwamban 2002, ko muna goye a lokacin, mun taso mun tarar da kogin nan ya zama iyaka. Iyayen wasunmu sun sayar da gida a Kakuri sun ƙaura arewa, na wasu sun bar Tudun Wada sun gangaro kudu, kowa ya bar maƙwabcin shekara ashirin. Mun san yadda ake canza hanya idan magariba ta yi, mun san yadda mai shayi ke auna baƙo da sunansa. Ɗalibin da zai zauna ya rubuta wa Skyrim labarin wata gwauruwa da ke son a raka ta ƙetaren gada ta dubo gidan da ta bari, ta tarar da wasu a ciki waɗanda su ma koro su aka yi daga wani wuri, wannan ɗalibi zai ba duniya abin da ba ta da shi a cikin dubun-dubatar kayan nan. Kuma ɗakunan wasan nan na daga cikin wurare ƙalilan da Musa da Moses ke zama benci ɗaya ba tare da an kira taron sulhu ba. Idan su biyun suka rubuta labarin tare, ya fi mana jawabin manya goma.

Za a ce mana, kuma da gaskiyar mai faɗa, cewa duk abin da ka gina da kayan Bethesda a filin Bethesda yake, da sharuɗɗansu, kuma ran da suka sabunta wasan suna iya rushe maka gini, kamar yadda sabuntawar Nuwamban 2021 ta karya kwaskwarima masu yawa sai da masu su suka sake gyarawa. Mu 'yan ƙetaren kogi ba sai an koya mana wannan darasi ba. Mun ga yadda aka yi shekaru ana ɗaure kusoshin mota a Kakuri alhali zanen injin yana Faransa, mun ga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002 ta bar dubban iyalai a rana. Wanda bai mallaki tushen sana'a ba ɗan haya ne. Amma wannan hujja ce ta a shiga koyo da wuri, domin a fita da wuri. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun sha fama da ɗaukewar wuta irin tamu, duk da haka a 2016 suka fitar da Aurion, wasan almara na kansu, da sarki da sarauniya da tufafi da kiɗan da aka samo daga Afirka. Ba daga sama suka faɗo ba, da ƙananan gwaje-gwaje suka fara.

Saboda haka muna kira ga shugabannin wannan ƙungiya, waɗanda ke samun kuɗin kwalliyar sarauniyar kyau da na hayar makaɗa kowace shekara, su ware ɗaki ɗaya mai wuta da kwamfuta biyu masu ƙarfi, yamma ɗaya a mako. A gayyato 'yan sashen kwamfuta da 'yan sashen Hausa da na tarihi, waɗanda yanzu ko gaisuwa ba ta cika haɗa su ba, a kuma aika wa 'yan zane-zanen gine-gine na Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Barnawa, domin su suka san yadda ake tayar da bakan gizo a soro. Kada a fara da gina Daular Zazzau gaba ɗaya, nan ne ake karaya. A ɗauki Riverwood, ƙauyen farko da ɗan wasa ke isa, mai maƙeri ɗaya da kanti ɗaya da masauki ɗaya, a fassara maganar mutanensa zuwa Hausar da ake yi a kasuwar Kakuri. Tun a ranar farko za a ci karo da matsala, domin haruffan da aka zuba a wasan ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai an zana su an cusa da hannu, in ba haka ba maƙeri zai buɗe baki ya ce zai sayar maka da karfe, kuma ƙofar gidansa ta koma kofa. Wanda ya iya zanen haruffa, ofishin wannan mujalla a buɗe yake ranar Laraba bayan La'asar.